DARASI A KAN LAFIYAR IYALI: KO ƘWAYAR BITAMIN TANA SA TSOFAFFIN MATA YAWAN FITSARI?

Ga shugaban taro: A karanta darasin nan a hankali, kashi-kashi. In an gama kowane kashi a dakata, a ba jama'a zarafin tambaya. Idan mata za su fi sakin jiki su kaɗai, a raba taron biyu, mace ta karanta wa mata. Tambayoyin tattaunawa suna can ƙarshe.

GABATARWA

A gidajenmu da yawa yanzu akwai kwalbar ƙwayar bitamin a ɗakin tsohuwa. Wata ɗanta ne ya aiko mata daga birni, wata a kemis ta saya ranar kasuwa, wata kuwa a asibiti aka rubuta mata. Ana kiran ƙwayar maltibitamin, domin bitamin iri-iri ne aka haɗa wuri ɗaya, ana shan guda kowace rana. Sau da yawa bayan an fara sha sai mu ji tsohuwa tana cewa, "Tun da na soma shan ƙwayar nan ban huta da kewayawa ba, dare da rana."

Mun san maganar fitsari tana da nauyi a baki, balle a gaban 'ya'ya da surukai. Amma tilas mu yi ta. Tsohuwar da fitsari ya dame ta ba ta samun barci. Tana daina zuwa kasuwa, da taron ƙungiya, da biki, don gudun jin kunya. Wata takan daina shan ruwa alhali tana gona cikin rana. Wata kuma takan faɗi da dare a hanyar bayan gida ta karye. Waɗannan iyaye su ne masu reno sa'ad da muke gona, su ne masu ɓarar gyaɗa da ajiyar iri. Da tsohuwar zuma ake magani, saboda haka lafiyarsu ta shafi kowa.

Ga amsar a taƙaice tun da fari. Ƙwayar maltibitamin guda ɗaya a rana, irin ta yau da kullum, ba ta cika ƙara wa mutum fitsari ba. Launinsa take canzawa. Akwai dai wasu hanyoyi da bitamin zai iya jawo damuwar, musamman in an sha fiye da ƙima, za mu kuwa bi su ɗaya-ɗaya. Amma yawanci dalilin yana wani wuri dabam. In muka ɗora wa ƙwayar laifi muka yi shiru, mun bar jaki muna dukan taiki ke nan.

KASHI NA ƊAYA: YADDA JIKI YAKE YIN FITSARI

Kowane mutum yana da ƙoda biyu a wajen bayansa, ƙasa da haƙarƙari. Aikinsu tace jini. A yini da kwana ɗaya suna tace ruwa wajen lita 180, watau kusan cikin duro guda. Kusan duka ruwan nan suna mayar da shi cikin jini. Abin da yake fita fitsari lita ɗaya ne zuwa biyu kawai.

Fitsarin yana gangarowa ya taru a mafitsara. Mafitsarar babban mutum tana iya riƙe kusan rabin lita, watau kamar ledar ruwan fiya wata guda. Yawancin mutane suna fitsari sau 6 zuwa 8 a yini da kwana. Tashi sau ɗaya da dare ga tsoho ko tsohuwa ba abin damuwa ba ne.

Sai mu lura, yawan fitsari iri biyu ne, kuma bambancinsu yana da muhimmanci ƙwarai.

Iri na fari: mace tana kewayawa sau da yawa, kowane zuwa kuwa fitsarin mai yawa ne. A nan ƙoda ce take fitar da ruwa fiye da yadda ta saba. In ya wuce lita 3 a yini da kwana, watau fiye da leda shida, ya yi yawa ainun. Irin wannan yakan zo da ƙishirwa.

Iri na biyu: tana kewayawa sau da yawa, amma kowane zuwa ɗan kaɗan ne, wani lokaci ma ba ta kai wa bayan gida sai ya zubo. A nan damuwar tana a mafitsara ne ko a naman da yake riƙe da ita.

Ma'aikacin asibiti zai fara da wannan tambaya. Wadda ta san amsarta ta rage masa rabin aiki.

KASHI NA BIYU: INA BITAMIN YAKE ZUWA IN MUN SHA?

Wani masani mai suna Casimir Funk ne ya raɗa wa bitamin suna a shekarar 1912. Yau an san iri 13. Jiki yana bukatar kowanne ɗan kaɗan ne kawai, kamar yadda miya take bukatar gishiri.

Tara daga cikinsu masu narkewa ne a ruwa, su ne bitamin C da dangin bitamin B guda takwas. Jiki yana ɗibar abin da yake so, yawancin ragowar kuwa ƙoda ta zubar cikin fitsari. Huɗu kuma a mai suke narkewa, su ne A da D da E da K. Waɗannan jiki ba ya saurin zubar da su. Yana tara su a hanta da kitse.

A cikin dangin B akwai wanda ake kira B2. Shi launinsa rawaya ne ƙwarai. 'Yan sa'o'i bayan an sha ƙwayar sai fitsari ya fito rawaya shar, wani lokaci da ɗan wari irin na magani. Wannan ba shawara ba ce, ba kuwa alamar ciwo ba ce. Ragowar B2 ce take fita. Amma da yake launin ya canza, sai mace ta fara lura da fitsarinta, ta fara ƙirga zuwanta, abin da dā ba ta yi. Sau da yawa damuwar ta riga ƙwayar zuwa, launin ne ya sa aka ankara.

Ragowar bitamin da ke cikin ƙwaya ɗaya ba ta kai ta jawo ruwa mai yawa daga jiki ba. Nauyinta bai taka kara ya karya ba in an gwada da aikin da ƙoda take yi kullum.

KASHI NA UKU: INDA BITAMIN YAKE DA HANNU

Duk da haka akwai hanyoyi shida da ya kamata mu sani.

1. Ruwan da ake haɗiye ƙwayar da shi. Wadda take shan ƙwayarta da babban moɗa na ruwa ko kofin shayi dab da kwanciya, lalle za ta tashi da dare. Maganin wannan mai sauƙi ne: a mayar da shan ƙwayar da safe, bayan karin kumallo.

2. Bitamin C mai yawa. Mace tana bukatar kamar miligiram 75 a rana, ƙwayar maltibitamin kuwa takan ƙunshi kusan haka. Amma akwai ƙwayoyin bitamin C zalla masu miligiram 500 ko 1000, har da waɗanda ake jefawa a ruwa su yi kumfa. A shekarar 2011 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a birnin Boston na Amurka a kan mata sama da 2000. An ga cewa masu shan ƙwayar bitamin C mai yawa sun fi yin kukan yawan fitsari da matsuwarsa. Ba a ga haka ga masu samun bitamin C daga abinci ba. Binciken bai tabbatar cewa ƙwayar ce ta jawo ba, amma ya isa ya sa mu yi hattara. Fiye da miligiram 2000 a rana yana iya kawo gudawa, yana kuma iya taimaka wa tsakuwar ƙoda ta taru.

3. Bitamin D da kalsiyam fiye da ƙima. Wannan ita ce hanya mafi haɗari. Ana ba tsofaffin mata bitamin D da kalsiyam don ƙarfin ƙashi, suna kuwa da amfani in likita ya ga bukata. A jikin kwalba ana rubuta awon bitamin D da haruffa IU. Babban mutum yana bukatar 600 a rana, wanda ya wuce shekara 70 kuwa 800. Kada a wuce 4000 a rana sai da umarnin likita. Akwai ƙwayoyi masu 50,000 waɗanda akan rubuta a sha sau ɗaya a mako. In aka yi kuskure aka riƙa shan irinsu kullum har watanni, kalsiyam zai yi yawa a jini. Sa'an nan ƙoda ta kasa riƙe ruwa. Mace za ta yi ta fitsari mai yawa, da ƙishirwa, da taurin bayan gida, da tashin zuciya, da kasala, har da ruɗewa. Wannan ciwo ne na asibiti.

Game da kalsiyam kuma, a shekarar 2006 an buga sakamakon wani babban gwaji a Amurka a kan mata sama da 36,000 da suka daina al'ada. Waɗanda aka ba ƙwayar kalsiyam da bitamin D kullum sun fi sauran samun tsakuwar ƙoda da kashi 17 cikin 100.

4. Maganin ƙarin jini. Ƙwayoyi da yawa suna da sinadarin ƙarfe a ciki. Mace mai al'ada tana bukatar miligiram 18 a rana, gama tana zubar da jini kowane wata. Wadda ta daina al'ada 8 kawai take bukata. Sinadarin ƙarfe yakan kawo taurin bayan gida. Hanji kuwa maƙwabcin mafitsara ne. In ya cika ya yi tauri sai ya danne ta, ta kasa riƙe fitsari da yawa.

5. Haɗa kwalabe da yawa. Wannan ɗa ya aiko da tasa, waccan 'ya ta kawo tata, ga kuma ta asibiti. Tsohuwa ba ta so ta ɓata wa kowa rai, sai ta sha duka. Kowace kwalba ita kaɗai daidai take, amma in an haɗa uku ko huɗu sai awon ya ninka.

6. Abin da aka cakuɗa da bitamin. Wasu magungunan ruwa na ƙarin ƙarfi sukari ne ya fi yawa a cikinsu, wannan kuwa bai dace da mai ciwon sukari ba. Wasu suna da sinadarin da ke cikin goro da kofi, mai sa fitsari. Wasu magungunan buɗe ciki don cin abinci suna sa barci, suna kuma hana mafitsara juye fitsari sarai, sai mace ta riƙa komawa. Ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe, waɗanda masu talla sukan ce bitamin ne, wasunsu suna tayar da sukarin jini.

KASHI NA HUƊU: DALILAN DA SUKA FI YAWA

Yanzu bari mu duba jakin da kansa.

Ciwon sukari. Wannan ne ya kamata a fara nema. In sukari ya yi yawa a jini sai ya tsallaka cikin fitsari, ya ja ruwa tare da shi. Alamunsa su ne fitsari mai yawa dare da rana, ƙishirwa, rama ko da ana cin abinci, gajiya, gani dishi-dishi, ƙaiƙayin gaba, da miki mai wuyar warkewa. Wani lokaci kiyashi yakan taru inda aka yi fitsari. Ga wani abin lura: gajiyar ciwon sukari ce sau da yawa take sa a saya wa tsohuwa bitamin tun farko. In fitsari ya ƙaru daga baya sai a ce ƙwayar ce. Gwajin ba wuya, ɗigon jini ne daga yatsa. In an gwada da safe kafin a ci kome aka sami 7.0 ko fiye, ko kuwa 126 ko fiye a na'urar da take ƙirga da manyan lambobi, sai a sāke gwaji don a tabbatar. Ciwon sukarin da aka ƙyale yana lalata ido, da ƙoda, da ƙafa.

Ƙwayoyin cuta a mafitsara. Hanyar fitsarin mace gajera ce, saboda haka ƙwayoyin cuta suna saurin shiga. Alamu su ne zafi ko raɗaɗi wajen fitsari, zuwa a kai a kai ɗan kaɗan-kaɗan, fitsari mai gurɓi ko wari, da ciwon mara. Ga tsohuwa ƙwarai, wani lokaci ruɗewa ce kaɗai alamar da za a gani. Ana gwada fitsari a ba da magani. Kada a sayi kafso biyu a kasuwa a ce an yi magani, gama rabin magani yana sa ƙwayoyin cutar su yi taurin kai.

Maganin hawan jini da na kumburi. Wasu magungunan, irin su Lasix da Moduretic, aikinsu ke nan su fitar da ruwa ta fitsari. Da safe ya kamata a sha su. Akwai kuma wasu sababbin magungunan ciwon sukari masu fitar da sukari ta fitsari. Kada kowa ya daina shan irin waɗannan da kansa. Barin maganin hawan jini yana iya kawo shanyewar ɓarin jiki. A koma wa wanda ya rubuta, shi zai gyara lokacin sha ko ya canza.

Ɗaukewar al'ada. Yawancin mata suna daina al'ada tsakanin shekara 45 da 55. Daga nan sinadarin da yake sa fatar gaba da ta hanyar fitsari su yi kauri da laushi yana raguwa. Wurin yakan bushe, ya yi saurin jin matsuwa da kamuwa da cuta. Akwai maganin shafawa da likita zai iya rubutawa.

Yawan haihuwa da aiki mai nauyi. A ƙasan mara akwai nama mai kama da shimfiɗa, shi yake tallafe mafitsara da mahaifa. Haihuwa da yawa, doguwar naƙuda, ɗaukar itace da ruwa shekara da shekaru, da tsohon tari, duka suna sassauta shi. Sai fitsari ya riƙa zubowa in an yi tari, ko dariya, ko an ɗaga kaya. Wata takan ji kamar wani abu yana saukowa ta gaba.

Kumburin ƙafa. Ruwan da ya taru a ƙafa da rana yana komawa cikin jini in an kwanta, ƙoda ta fitar da shi da dare. Ban da haka, jikin tsoho ba ya rage yin fitsari da dare kamar na yaro.

Goro, shayi, kofi, lemon kwalba da giya. Duka suna ƙara fitsari ko su tsokani mafitsara. Tsohuwar da take cin goro har bayan faɗuwar rana ta gwada ragewa ta gani.

Tsargiya. A garuruwan bakin kogi, da fadama, da wuraren noman rani, tsargiya tana sa fitsarin jini da yawan zuwa. Ba ciwon yara kaɗai ba ne. Wadda ta daɗe ba magani tana iya lalata mafitsara, har ta kai ga ciwon daji. Maganinta yana nan a asibiti.

Yoyon fitsari dabam yake. Shi fitsari ne yake zuba ba tsayawa, dare da rana, yawanci tun bayan wata naƙuda mai wuya. Aiki ake yi a gyara. Akwai asibitocin da suka ƙware a kansa, kamar na Babbar Ruga a Katsina da na Jankwano a Jos. Ko an shekara ashirin da shi, a je a duba.

KASHI NA BIYAR: YADDA ZA MU GANE A GIDA

Mataki na 1. A tattara dukan magungunan da take sha wuri ɗaya: na asibiti, na kemis, na 'ya'ya, da na gargajiya. Wanda ya iya karatu ya rubuta sunayensu, da awonsu, da lokacin da take sha, da ranar da ta fara.

Mataki na 2. A yi ƙirga na kwana uku. Ba sai an iya rubutu ba. A sami gwangwani biyu, ɗaya na rana ɗaya na dare, da tsakuwa ko ƙwayar wake. Duk sa'ad da ta kewaya ta jefa guda. Da safe a ƙirga. Ta lura kuma ko fitsarin mai yawa ne ko kaɗan, da abin da ta sha.

Mataki na 3. A je a gwada sukari da fitsari. A tafi da jakar magungunan duka. A faɗa wa mai gwaji in tana shan bitamin C mai yawa, domin yana iya ɓoye sukari da jini a gwajin fitsari irin na tsinken takarda, sakamako ya fito lafiya alhali ba lafiya.

Mataki na 4. In gwaji bai nuna kome ba, kuma bitamin ɗin na saye ne, ba likita ya rubuta ba, a ajiye shi mako biyu. Kada a canza wani abu dabam a cikin makonnin nan. Sa'an nan a sāke ƙirgan kwana uku. In adadin bai ragu ba, ƙwayar ba ta da laifi. In ya ragu sosai, a nuna wa ma'aikacin asibiti kwalbar. A tuna, bitamin D yana daɗewa a jiki, mako biyu ba ya isa ya fita. Wadda ta sha mai yawa gwajin jini take bukata.

Amma kada a tsaya ƙirga in an ga ɗaya daga cikin waɗannan. A kai ta asibiti ran nan:

Jini a fitsari, ko sau ɗaya ne.
Zazzaɓi tare da ciwon kwiɓi ko baya.
Ƙishirwa mai tsanani da rama.
Ruɗewa, ko barci fiye da kima, ko amai.
Fitsari ya ƙi fita, mara ta kumbura.
Kumburin ƙafa tare da haki.
Zubar jini ta gaba bayan an daina al'ada.

KASHI NA SHIDA: ABIN DA ZAI TAIMAKA

Kada a daina shan ruwa. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi. Ƙarancin ruwa yana sa fitsari ya yi kauri, mai kauri kuwa ya fi tsokanar mafitsara. Yana kuma kawo taurin bayan gida, da tsakuwar ƙoda, da jiri a gona. A sha kofi 6 zuwa 8 a yini, fiye da haka da bazara, sai dai in likita ya ƙayyade saboda ciwon zuciya ko ƙoda. A sha yawancinsa da safe da rana, a rage sa'a biyu kafin kwanciya.

A yi fitsari dab da kwanciya. In an gama a ɗan dakata a sāke gwadawa, don mafitsara ta juye duka.

Mai kumburin ƙafa ta kwanta da la'asar ta ɗora ƙafafunta bisa matashi na kamar sa'a ɗaya, ruwan ya fita kafin dare.

A ƙarfafa naman ƙasan mara. Wani likita a Amurka mai suna Arnold Kegel ya bayyana wannan motsa jiki a shekarar 1948. Mace ta matse kamar mai riƙe tusa da fitsari, ba tare da ta matse ciki ko cinya ba. Ta riƙe ta ƙirga biyar, ta saki ta ƙirga biyar. Ta yi sau 8 zuwa 10, safe da rana da dare. Ana iya yi a zaune ana tsince shinkafa, ba wanda zai sani. Kada a riƙa yi sa'ad da ake cikin fitsari. Sai an yi wata uku kafin a ga amfani sosai. Sannu ba ta hana zuwa.

A gyara hanyar dare. A ajiye mata fo ko bokiti mai murfi a ɗaki, da tocila kusa da gado. A kawar da turmi, da itace, da igiyar akuya daga hanya. Karayar ƙugu ga tsohuwa sau da yawa ita ce mafarin kwanciyar da ba a tashi. Da damina kuma ga maciji da kunama.

KASHI NA BAKWAI: SHIN TANA BUKATAR ƘWAYAR?

Akwai masu bukata da gaske: wadda ba ta iya cin abinci sosai, wadda ta tashi daga doguwar jinya, wadda gwaji ya nuna tana da ƙarancin jini, da wadda ta daɗe tana shan maganin sukari mai suna metfomin, gama yana rage bitamin B12. Waɗannan su bi abin da aka rubuta musu.

Ga mai ƙoshin lafiya kuwa, ƙwayar ba ta yin abin da masu talla suke faɗa. A shekarar 2009 an buga sakamakon bin diddigin mata sama da 160,000 a Amurka, waɗanda suka daina al'ada, har wajen shekara takwas. Masu shan maltibitamin ba su fi marasa sha tsira daga ciwon zuciya ko ciwon daji ba, ba su kuma fi su tsawon rai ba.

Mu manoma ne, yawancin bitamin yana gonarmu. Zogale, da alayyafo, da rama, da lalo, da miyar kuka. Gwanda, mangwaro, gwaba, lemo, tumatir, da garin 'ya'yan kuka mai yawan bitamin C. Kabewa, manja, da dankali mai jan ciki don bitamin A. Wake, gyaɗa, ƙwai, hanta, kifi, nono da kindirmo. Hasken rana a fata kuma shi yake sa jiki ya yi bitamin D. Tsohuwar da haƙoranta suka zube a dafa mata da laushi, a kuma tabbata rabonta na nama da ƙwai ya kai gare ta, gama ta saba miƙa wa jikoki.

Wanda zai saya, a Nijeriya ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwalba. Kada a sayi ƙwaya tsirara a leda daga mai talla. Guda ɗaya a rana ta isa, kwalba ɗaya kuma ta isa.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Mene ne bambanci tsakanin iri biyu na yawan fitsari? Wanne ne yake nuna ciwon sukari?
2. Me ya sa fitsari yake yin rawaya bayan an sha bitamin?
3. Waɗanne bitamin ne jiki yake tarawa? Ina haɗarin haɗa kwalabe da yawa?
4. Me ya sa bai kamata tsohuwa ta daina shan ruwa ba?
5. A garinmu, wa tsohuwa za ta iya faɗa wa irin wannan damuwa ba tare da jin kunya ba?
6. Ina ne wuri mafi kusa da ake gwajin sukari, nawa ne kuma kuɗinsa?

AIKIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI KAFIN TARO NA GABA

A zaɓi mata biyu masu hankali da riƙe asiri su ziyarci tsofaffin matan ƙungiya, gama ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Su duba magungunan da ake sha, su koyar da ƙirgan gwangwani.

Shugaba da ma'aji su je wurin mai kula da asibitin da yake kusa, su roƙi a sa rana guda a zo a gwada sukari da hawan jini ga duk wanda ya wuce shekara 40, maza da mata. A shawarta ko asusun ƙungiya zai biya wa waɗanda ba su da hali.

Samari su duba hanyar bayan gida a gidajen tsofaffi, su share, su cike ramuka.

Kowane gida ya dasa zogale ko gwanda aƙalla guda biyu kafin ruwa ya ɗauke.

Masu 'ya'ya a birni su aika musu da saƙo: kafin a sayi wata kwalbar, a fara aiko da kuɗin gwaji.

A kawo rahoton abin da aka yi a taro na gaba, magatakarda ya rubuta a littafin ƙungiya.